Kashi nawa na jihar Kano ne daji? Yadda ake awon, da dalilin da alƙaluman ke saɓa wa juna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na jami'a, ina rubuta kundin kammala karatu kan dazuzzukan jihar Kano. Malamin da ke duba aikina ya ce in kawo kashi nawa cikin ɗari na ƙasar jihar ne daji ya rufe. Da na shiga bincike sai kaina ya ɗaure. Ko a Najeriya baki ɗaya, wata takarda ta ce dajin bai kai kashi 8 ba, wata ta ce ya kusa kashi 24, kuma dukansu sun ce daga FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka samo. Na buɗe shafin Global Forest Watch, can kuma sai na ga Kano fayau kamar ba a taɓa shuka bishiya ba. Wanne ne gaskiya, kuma yaya ake wannan lissafi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Lissafin kansa ɗan firamare ma zai yi maka shi: faɗin dajin, a raba shi da faɗin jihar, a ninka da 100. Rigimar duk tana wajen abin da aka yarda a kira daji kafin a fara awon, da kuma wanda ya yi awon, da me, a wane wata. Idan ɗayan waɗannan ya sauya, amsa ta sauya, ko da ba a sare ko reshe ɗaya ba.

Mu fara da alƙaluman nan biyu da suka ɗaure maka kai, don duk na FAO ne, babu wanda ya yi mata ƙarya. Rahotonta na 2015 ya ba Najeriya daji kusan hekta miliyan 7, wato kashi 7.7 na ƙasarta. Na 2020 ya ba ta hekta miliyan 21.6, kashi 23.7. Wanda bai san dawar garin ba sai ya ɗauka mun shuka hekta miliyan 14 cikin shekara biyar. Ina! FAO ba ta zuwa da kanta ta auna. Kowace ƙasa ce ke aika mata da nata lissafin duk bayan shekara biyar. Tsohon lissafinmu ya dogara ne kan taswirorin da aka zana a ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar shekarun 1990, sai a ɗauki yawan asarar da aka gani tsakaninsu a yi ta ragewa shekara bayan shekara a kan takarda. Da aka sake awo da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, sai adadin ya fito daban. Shi kansa rahoton 2020 ya koma baya da sabon ma'auninsa ya ce a 1990 muna da hekta miliyan 26.5. Ka ga ke nan dajin raguwa yake yi a duka rahotannin biyu. Abin da ba ya halatta shi ne ka ciro adadi ɗaya daga tsohon, ɗaya daga sabon, ka jera su a tebur guda. Kamar ka auna gero da mudun Dawanau ne da kaka, ka sake auna shi da kwanon gida da bazara, sannan ka ce rumbu ya ƙaru.

To mene ne daji a wajen masu awo? FAO ta kafa sharuɗɗa: filin ya wuce rabin hekta, bishiyoyin su haura mita 5 a tsayi ko su kasance masu iya kaiwa haka a wurin, sannan rassa da ganyensu su rufe fiye da kashi 10 na ƙasar idan an leƙo daga sama. Akwai sharaɗi na huɗu da ɗalibai ke yawan tsallakewa, alhali a nan Arewa shi ne mai yanke hukunci: kada filin ya zama gona ko gari. Najeriya kuma da ta zo shigar da takardunta a shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage sare dazuka, ta zaɓi nata ma'aunin: rabin hekta, tsayin mita 3, rufin kashi 15. Shafin Global Forest Watch da ka buɗe, wanda ke amfani da taswirar da Matthew Hansen da abokan aikinsa na jami'ar Maryland suka fitar a 2013, yana buɗewa ne a kan kashi 30 sai in kai ka sauya shi.

Waɗannan kashi-kashi ba za su shiga kanka ba sai ka tsaya a gindin bishiya. Nemi ɗorawa babba da rana tsaka, lokacin da inuwarta ke daidai ƙarƙashinta, ka taka inuwar daga baki zuwa baki. A ce ka samu mita 10. Filin da ta rufe ya kama murabba'in mita 78 da ɗoriya. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ke nan irin wannan ɗorawa guda 13 a hekta sun cika kashi 10 na FAO. Guda 20 sun cika kashi 15 na Najeriya. Kafin ka kai kashi 30 kuwa sai ka tara kusan 39. Yanzu ka tuna hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, ka tuna yadda marke da taramniya da ƙirya ke tsaye jefi-jefi, ciyawa a tsakaninsu. Fili guda, bishiyoyi guda, amma mai kashi 10 zai rubuta daji, mai kashi 30 ya rubuta babu. Kashi 30 ya dace da kurmin Kuros Riba da Kwango, inda rassa ke haɗuwa har rana ba ta taɓa ƙasa. Dajinmu na nan Arewa, wanda masana ke kira na Sudan da Sahel, ba haka Allah ya yi shi ba, tun kafin gatari ya shige shi a buɗe yake. Don haka shawarata ta farko: kada ka ɗauki adadin da wannan shafi ya nuna maka da buɗewa ka ce shi ne dajin Kano. Shafin yana da amfani ƙwarai wajen gano inda aka yi sara a kurmi, amma ba don ƙasarmu aka saita shi ba.

Akwai kuma matsalar idon na'urar. Tauraron Landsat, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972 kuma ta saki hotunansa kyauta tun 2008, yana ganin ƙasa ne a gida-gida na mita 30 sau 30. Kowane gida launi ɗaya yake bayarwa. Ɗorawarmu mai murabba'in mita 78 a cikin gida mai 900, launinta ya narke cikin na yashi da karan dawa da ke kewaye da ita. Sentinel-2 na Turai, da ya fara aiki a 2015, gidansa mita 10 ne, ya fi gani, amma shi ma ƙananan bishiyoyi na kuɓuce masa. Shi ya sa da aka koma duba busassun yankuna da hotuna masu kaifi, sai aka yi ta tsintar abin da ake cewa babu. Binciken Jean-François Bastin da abokansa na 2017 ya gano hekta miliyan 467 na daji a busassun yankunan duniya da ba a taɓa sa su a lissafi ba. Na Martin Brandt na 2020, da hotunan da ke ganin rabin mita, ya ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3 na Sahara da Sahel ta yamma, wuraren da tsofaffin taswirori ke shafa wa launin rairayi.

Wata matsalar ma ita ce a wane wata aka ɗauki hoton. A watan Agusta komai kore ne, gero da dawa da ciyawa da bishiya, na'ura ba ta bambance su, ga gajimare ya rufe rabin hoton. A watan Maris kuka ta zubar da ganye, marke ya zubar, gobarar daji ta bi ta baƙanta ƙasa, ga ƙurar hunturu da ta rage a sama. Hoto mafi kyau a wajenmu shi ne na bayan ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, sa'ad da ciyawa ta bushe, an girbe amfanin gona, bishiya kuma ba ta gama sakin ganye ba. Gawo kuwa nasa tsarin daban ne, da damina yake tsirara, da rani ya yi ganye. Wanda ya auna yankin gawo da hoton damina zai rantse babu komai a wurin.

Gawon nan ya kawo mu ga abin da na fi so ka riƙe. Mafi yawan bishiyoyin da Bakano ke mora ba a daji suke ba, a gona suke: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, mangwaro, darbejiya a bakin hanya da ƙofar gida. Manoman karkarar Kano sun shahara a wajen masana da wannan, gonakin da ke kewaye da birni cike suke da bishiyoyin da kowace ke da mai ita. Amma da yake ana noma a ƙarƙashinsu, sharaɗi na huɗu ya fitar da su. Ko rufinsu ya kai kashi 20, a takardar FAO gona ce. Dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture su gyara shi ya zama bishiya maimakon su sassabe shi. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200. Aiki ne da babu gwamnatin da ta taɓa yin irinsa a Sahel da dashen bishiya, amma kusan duk bai shiga layin daji a lissafin Nijar ba, domin gonaki ne. Ka ga adadin da malaminka ke nema zai iya tsayawa cik ko ya ragu alhali bishiyoyin jihar na ƙaruwa, zai kuma iya tsayawa cik alhali ana cinye na gona da gawayi.

Ba kowace ƙasa ke bin wannan sharaɗi ba. Indiya, wadda hukumar awon dazukanta da ke Dehradun ke fitar da rahoto jiha-jiha kusan duk shekara biyu tun 1987, tana ƙirga duk filin da ya wuce hekta ɗaya mai rufin kashi 10, ko na wa ne, ko me ake yi da shi, har lambunan 'ya'yan itace da gora. Masu sukarta na cewa ta haka gonakin kasuwanci ke shiga a matsayin daji. Amma ta yi abu ɗaya da ya kamata mu kwaikwaya: tana raba dajin gida uku gwargwadon kaurinsa, sannan ta ware wani layi daban na bishiyoyin da ke wajen daji. A rahotonta na 2021 daji ya kama kashi 21.71, bishiyoyin waje kashi 2.91. Rahoton ya kuma nuna wani abu game da kashi cikin ɗari: jihar Mizoram ce kan gaba da kashi 84 da rabi, amma Madhya Pradesh mai kusan kashi 25 kacal ta fi kowace jiha faɗin daji, don ita ƙatuwa ce. Saboda haka duk inda ka rubuta kashi, ka rubuta hekta a gefensa.

Yanzu tarkon da na fi ganin ɗalibai na faɗawa. Za ka je ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji, a buɗe maka fayil, a ba ka jerin gandayen gwamnati da faɗin kowanne. Ka tara su, ka raba da faɗin jiha, ka samu adadi mai kyan gani. Wannan adadi ba na daji ba ne, na filin da doka ta keɓe ne, kuma yawancin iyakokin tun zamanin Turawa da En'e aka shata su. Gandun Falgore, da ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, faɗinsa a takarda ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Kano kuma 20,131 ake ba ta. Ka ga shi kaɗai ya ba ka kusan kashi 5. Amma a cikin wannan iyaka akwai duwatsu, akwai fadamu, akwai inda aka sassabe aka yi gona, akwai inda 'yan itace suka gama da shi. A wasu ƙananan gandayen na jihohin Arewa ma, allon ne kawai ya rage, wani wurin unguwa ce ta zauna a kai. A ɗaya gefen kuma akwai daji na gaske a bakin rafuka da kan tsaunukan Riruwai da wuraren kiwo wanda bai taɓa shiga gazet ba. Adadin fayil yana da amfaninsa, yana gaya maka abin da gwamnati ta ɗauki alkawarin tsarewa. Sai dai ka kira shi da sunansa.

Ƙasan lissafin ma, wato faɗin ƙasar da ake rabawa da shi, ba ya rasa ƙura, ko da yake tasa ba ta kai ta sama ba. Faɗin Najeriya gaba ɗaya murabba'in kilomita 923,768 ne, amma FAO da 910,770 take rabawa, bayan ta cire ruwa. A Kano sai ka yanke shawara kan Tiga da Challawa da sauran madatsun ruwa, ka kuma faɗi abin da ka yanke. Wasu jihohin ma faɗinsu biyu ne ke yawo: Bauchi za ka gan ta da 45,893 a wani wuri, 49,119 a wani. Raba Yankari mai 2,244 da na farko ka samu kashi 4.9, da na biyu 4.6. Babban abin lura a wajenka shi ne 1991. Duk wani adadi na “jihar Kano” da aka buga kafin watan Agustan wannan shekara ya haɗa da Jigawa, da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu duka. Haka Kaduna kafin a cire Katsina a 1987, haka Sakkwato kafin Zamfara a 1996.

To me za ka yi? Ka auna da kanka. Ba ka buƙatar kuɗi, kwamfuta da intanet da haƙuri ne kawai. FAO tana da manhaja kyauta mai suna Collect Earth da ke aiki a kan hotunan Google Earth. Ka shimfiɗa wa taswirar jihar ɗigo-ɗigo a jere, tazarar kilomita 4 da rabi tsakaninsu, za ka samu wajen 1,000. A kan kowane ɗigo manhajar za ta zana maka fili na rabin hekta, wajen mita 70 sau 70, da ƙananan ɗigo 49 a ciki. Aikinka ka ƙirga nawa ne suka faɗa kan bishiya. Biyar cikin 49 ya haura kashi 10, takwas ya haura 15, goma sha biyar ya haura 30. Sannan ka duba: akwai kunyoyi? akwai iyakar gona? akwai rufin kwano? Ka rubuta amfanin filin daban, yawan rufin daban. Wannan rabuwa ita ce ribar aikin, don daga tebur ɗaya za ka iya fitar da amsa a ma'aunin FAO, da na Najeriya, da na kashi 30, ka kuma fitar da rufin bishiyoyin gona wanda sauran ke zubarwa. Tsayi ne hoto ba ya nunawa sosai. Sabara da kalgo da geza kan yi duhu a hoto kamar daji alhali ba su kai mita 3 ba. Ka duba tsawon inuwarsu, in ka yi shakka ka sa alama ka je ka gani.

Kuma ka faɗi iyakar kuskurenka. A ce cikin 1,000 ka samu 50 sun cika sharaɗi. Amsarka kashi 5 ce, amma da ƙari ko ragin kusan 1.4, wato tsakanin 3.6 da 6.4. Wannan na nufin da ɗigo 1,000 ba za ka iya cewa daji ya sauka daga kashi 5 zuwa 4 da rabi ba, bambancin ya nutse cikin kuskuren. In sauyi kake son nunawa, ka ƙara yawan ɗigo a ƙananan hukumomin kudu inda dajin yake, ka rage a arewa, ka lissafa kowane yanki da nauyin faɗinsa, kuma ka duba ɗigon nan dai a tsohon hoto da sabo. Ni duk rahoton da ya ba ni adadi har da lamba biyu bayan ɗigo, bai ce mini ƙari ko ragi nawa ba, a ajiye nake karanta shi.

Ko ka yi duk wannan daidai, akwai abin da kashi cikin ɗari ba zai nuna ba, kuma ya kamata ka ba shi shafi a kundinka. Shekarun baya an yi ta kwashe madobiya daga Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, aka kuma dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Masu saran ba share daji suke yi ba, tsince manyan suke yi su bar sauran. Dajin da rufinsa ya sauko daga kashi 50 zuwa 20 ya yi asarar fiye da rabin kansa, amma a ma'aunin kashi 10 ko 15 ko hekta ɗaya bai ragu ba. Haka masu gawayi ke yi wa ƙirya da marke. A gefe guda, gandun turare da gwamnati ta dasa, ko shingen darbejiya na kare iska in faɗinsa ya wuce mita 20 kuma ya haura rabin hekta, FAO na ƙirga shi daidai da dajin da ya shekara ɗari. Maganin wannan shi ne ka raba naka gida-gida, misali kashi 10 zuwa 30, 30 zuwa 60, da abin da ya haura, ka kuma ware dasashshe daga na Allah.

A kundin, ka kai wa malaminka layi uku maimakon ɗaya: filin da doka ta keɓe, dajin da ka auna a ma'aunin Najeriya na kashi 15 da mita 3 tare da ƙari ko raginsa, da rufin bishiyoyin gona da gari. A ƙarƙashin teburin ka rubuta shekarar hotunan da watansu, da faɗin jihar da ka raba da shi. Wajen zuwa duba ɗigon da ka yi shakka a kansu kuwa, na gonaki da gefen gari ka je abinka da wayarka mai GPS, ka fara gaida mai unguwa kafin ka shiga gonar mutane kana auna bishiya, don kada a ɗauka filin ka zo yankawa. Na cikin Falgore kada ka shiga sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun, kuma in suka ce wani sashe ba ya shiguwa a wannan lokaci, ka bar shi a kan hoton, ka rubuta a kundin cewa ba a taka shi ba.